Wayar Azurfa da ta Jan Ƙarfe: Wacce Ta Fi Isar da Wuta, Wacce Ta Fi Karɓar Liƙi?

Tambaya: Wani bawan Allah mai sana'ar haɗa sola da gyaran amfilifaya ya rubuto cewa wani mai shago ya nuna masa wata farar waya mai ƙyalli, ya ce masa ta azurfa ce, ta fi ta jan ƙarfe ɗaukar wuta, kuma dalmar liƙi ta fi kama ta, sannan ya yanka mata kuɗi mai yawa. Yana son ya san gaskiyar wannan magana, da kuma ko ya dace ya sa kuɗinsa a ciki.

Amsa: Malam, maganar mai shagon nan tana da tushe, domin a duk ƙarafan da Allah Ya halitta babu wanda ya kai azurfa isar da wutar lantarki. Jan ƙarfe, wanda 'yan kasuwa ke kira kofa, shi ne na biyu, zinariya ta uku, alminiyam na huɗu. Sai dai kafin ka zaro kuɗi daga aljihu, ya kamata ka san girman ratar da ke tsakanin ta farko da na biyu, saboda a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa.

Ana auna wannan abu ne da turjiyar da waya ke yi wa wuta, kuma ma'auninta shi ne om. Idan aka ɗauki waya mai tsawon mita ɗaya da kaurin murabba'in milimita ɗaya, a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, ta azurfa tsantsa tana da turjiyar om 0.0159, ta jan ƙarfen da ake wayarin da shi tana da om 0.0172, ta alminiyam kuwa kimanin om 0.028. Tun shekarar 1913 masana lantarki na duniya suka amince a ɗauki tataccen jan ƙarfe mai laushi a matsayin ma'auni, aka ba shi maki 100, aka riƙa gwada sauran ƙarafa da shi. A wannan ma'auni azurfa tana samun tsakanin 105 da 108, gwargwadon tsabtarta, alminiyam kuma yana samun 61. Ke nan fifikon da ake ta magana a kansa bai wuce kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ba.

Bari mu kawo shi cikin aikin da kake yi kullum. A ce za ka ja waya daga farantin sola zuwa batir, nisan mita 10, wato mita 20 ke nan zuwa da dawowa, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, kuma wutar da za ta bi ta amfiya 10 ce. Da jan ƙarfe za ka yi asarar bolt 1.38 a hanya. Da azurfa tsantsa asarar za ta zama bolt 1.27. Abin da azurfar ta tsirar maka shi ne bolt 0.11, kuma kafin ka samu wannan ɗan abin sai ka sayi azurfa mai nauyin giram 525, fiye da rabin kilo, alhali kuwa farashin kilon azurfa a kasuwar duniya yakan ninka na jan ƙarfe kusan sau ɗari, wani lokaci ma fiye. Da za ka bar azurfar inda take, ka sayi jan ƙarfe mai kaurin 4, da asararka ta sauko zuwa bolt 0.86, idan kuma mai kaurin 6 ka sa, ta koma 0.57. A na'ura mai aiki da bolt 12 wannan ragi abu ne da batir zai shaida, kuma ka same shi ne da ɗan ƙarin kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Duk abin da azurfa za ta ba ka ta fuskar isar da wuta, ƙara kaurin jan ƙarfe da mataki ɗaya zai ba ka ninkinsa sau huɗu ko biyar.

Akwai kuma zafi, wanda mu a ƙasarmu ba za mu iya kau da kai daga gare shi ba. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya da zafinsa ya hau, ta azurfa ma kusan haka take. Saboda haka wayar azurfar da ta yi zafin digiri 40 ta koma daidai da ta jan ƙarfen da ke digiri 20. Wayar da aka shimfiɗa a kan rufin kwano da tsakar rana a watan Afrilu tana wuce digiri 40 nesa ba kusa ba. Mutumin da ya bi da wayarsa ta inuwa, ya ɗaga ta daga jikin kwano, bai cusa ta da yawa cikin bututu ɗaya ba, ya samu ribar da ta kai ta wanda ya sayi azurfa, ko ta fi.

Game da amfilifaya da sifika, inda aka fi yaɗa wannan magana, lissafin ya ma fi sauƙi. Waya mai kaurin 2.5 da tsawon mita 3 zuwa sifika, zuwa da dawowa, tana da turjiyar om 0.041 idan ta jan ƙarfe ce, da om 0.038 idan ta azurfa ce. Bambancin om 0.003 ne, a gaban sifika mai om 8. Ni a iya sanina da lantarki ban ga hanyar da kunnen ɗan Adam zai bi ya ji wannan ba, kuma noti ɗaya da bai ɗauru sosai ba a bayan sifikar zai iya kawo turjiyar da ta ninka hakan sau goma.

Wani abin da ya kamata ka riƙe shi ne, alkaluman nan na ƙarfe tsantsa ne. Abin da ya sa azurfa da jan ƙarfe suka yi fice shi ne kowace ƙwayar zarrarsu tana sakin ilektiron guda, wato ɗan ƙwayar da ke ɗaukar wutar lantarki, da ke yawo cikin ƙarfen ba tare da cikas mai yawa ba, kuma da zarar an surka ƙarfen da wani abu, baƙin ƙwayoyin sai su zama duwatsu a kan hanya. Shi ya sa jan ƙarfen waya ake tace shi har ya kai kashi 99.9 cikin ɗari. Jan ƙarfen bututun firji, wanda ake sa wa ɗan fosfaras kaɗan, makinsa yana saukowa zuwa wajen 85, tagullar da aka haɗa da tutiya kuwa, irin ta makullai da kan famfo, ba ta kai 30 ba. Azurfar ado ma haka take. Wadda ake buga wa lambar 925 tana da kashi 7.5 na jan ƙarfe a ciki don ta yi ƙwari, kuma wannan surkin kaɗai ya isa ya mayar da ita bayan jan ƙarfe tsantsa wajen isar da wuta. Don haka ko da maƙerin fari zai ja maka waya daga azurfar awarwaro, ba ka samu abin da ya fi wayar kasuwa mai kyau ba.

An taɓa yin amfani da azurfa a matsayin waya da yawan gaske, kuma labarin yana koyar da wani abu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Amurka take gina masana'antar tace yuraniyam a Oak Ridge ta jihar Tenesi, an buƙaci naɗa manyan maganaɗisun lantarki, ga shi kuma yaƙi ya lashe jan ƙarfe. Sai aka ari tan 14,700 na azurfa, da ma'aunin tan na Amurka, daga baitulmalin ƙasar aka yi naɗin da ita, kuma ba a gama mayar da ita ba sai a 1970. Ƙarancin jan ƙarfe ne ya kai su ga haka, kuma daga baya azurfar ta koma ma'ajiyarta.

Inda azurfa take da gurbin da ba a ja da ita shi ne a saman abu, a matsayin siririn rufi, kuma dalilan uku ne mabambanta. Na farko ya shafi wutar da ke kai-komo da sauri. Irin wannan wuta tana gudun tsakiyar waya ta taru a fatarta, kuma gwargwadon saurin kai-komon, gwargwadon sirantar fatar da take bi. A wutar gida mai kai-komo 50 a daƙiƙa, zurfin da take shiga cikin jan ƙarfe ya kai kimanin milimita 9, wanda ya fi kaurin duk wayar gida, saboda haka rufi ba ya ƙara komai. A kai-komo 20,000, wato ƙarshen abin da kunne ke ji, zurfin ya kusa rabin milimita, har yanzu ya fi kowane rufi kauri nesa. Amma a tashoshin rediyon FM, wajen kai-komo miliyan 100, zurfin bai wuce kashi 7 cikin dubu na milimita ba, a wajen biliyan ɗaya kuma, inda wayoyin salula ke aiki, ya koma kashi 2 cikin dubu. A nan ne ɗan ruwan azurfar da aka yi wa waya yake ɗaukar kaso mai yawa na wutar, shi ya sa ake ganinsa a wayoyin eriya masu tsada da na'urorin sadarwa. Dalili na biyu zafi ne. Wayar da ake rufewa da robar Teflon, irin ta jiragen sama, ana yi wa jan ƙarfenta ruwan azurfa saboda zafin da ake sarrafa robar da shi ya wuce digiri 232 da kuza ke narkewa, kuma irin wannan waya tana jure aiki a digiri 200. Na uku shi ne wuraren da ƙarfe biyu ke haɗuwa su rabu, kamar bakin makunni da rile da kwantakta, wato makunnan da wuta ke kunnawa da kashewa, inda ake sa ɗan ɗigon haɗin azurfa don tartsatsi kada ya cinye wurin da wuri. Su ma siraran layukan da kake gani a fuskar farantin sola da azurfa aka zana su, amma faffaɗan zaren da ya haɗa wannan gida na farantin da wancan jan ƙarfe ne da aka yi wa rufin dalmar liƙi.

Yanzu sai batun liƙi, wanda a ganina ya fi na farkon muhimmanci ga mai aikin hannu. Dalmar liƙi, wadda masu gyara ke kira lid, haɗi ce ta kuza da dalma, kuma mai kashi 63 na kuza da 37 na dalma tana narkewa a digiri 183. Wadda ba ta da dalma a ciki, wadda ta yaɗu tun da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki a 2006, yawanci kuza ce da kashi 3 na azurfa da rabin kashi ɗaya na jan ƙarfe, kuma sai ta kai wajen digiri 217 take narkewa. Azurfa tana narkewa a 962, jan ƙarfe a 1085, don haka a liƙi ba wayar ake narkarwa ba. Abin da ke faruwa shi ne narkakken kuza yana lasar fuskar ƙarfen, su haɗu su yi wani siririn gami a tsakaninsu, kuma wannan gamin shi ne ainihin liƙin. Sharaɗinsa guda ne, wato kuzan ya tarar da ƙarfe tsirara, ba datti ba tsatsa.

Ta wannan fuska sabuwar azurfa tana da daɗin aiki, domin iska ba ta saurin yi mata tsatsa, dalma tana malala a kanta nan take. Jan ƙarfe kuwa da an fere robarsa yake fara dusashewa, zafin ƙarfen liƙi kuma yana ƙara hanzarta hakan. Sai dai tsatsar jan ƙarfe, idan ba ta yi kauri ba, man liƙi na ƙaron itace, wanda ake cusawa a tsakiyar dalmar, yana wanke ta cikin daƙiƙa biyu. Azurfa ita ma tana da nata ciwon. Idan ta daɗe a ajiye, farar wuta, wato sulfa, da ke cikin iska, daga hayaƙin janareta ko roba ko kwali, tana mayar da ita ruwan ƙasa sannan baƙa, kuma wannan baƙin man ƙaro ba ya cire shi da sauƙi, sai an goge. Ana yawan cewa tsatsar azurfa tana isar da wuta kamar azurfar kanta, amma wannan magana ba daidai take ba. Baƙin ba ya isar da wuta sosai, abin da ya taimake shi kawai shi ne yana da laushi, matsin bakin makunni yana murje shi.

Babbar illar azurfa a wajen liƙi ita ce narkakken kuza yana shanye ta da sauri fiye da yadda yake shanye jan ƙarfe. A waya mai kauri ba za a lura ba, amma a siririn rufi, idan ka daɗe da ɗora ƙarfen liƙi ko ka maimaita liƙin sau uku ko huɗu, rufin zai iya narkewa ya shige cikin dalmar gaba ɗaya. Idan jan ƙarfe ne a ƙarƙashi da sauƙi, amma idan tangaran ne, kamar a wasu ƙananan kayan da ake mannawa a fuskar allon da ke cikin na'ura, wurin ya mutu ke nan, dalma ba za ta sake kamawa ba. Maganin da aka samo shi ne dalmar da aka riga aka ƙosar da ita da azurfa, mai kashi 62 na kuza da 36 na dalma da 2 na azurfa, wadda ke narkewa a digiri 179. Kamfanin Tektronix na Amurka, a tsofaffin na'urorinsa na auna siginar lantarki, ya yi amfani da sandunan tangaran masu bakin azurfa, har yakan maƙala ɗan ƙullin dalma mai azurfa a cikin akwatin na'urar don kada mai gyara ya sa ta gama-gari ya ɓata su. Shi ma jan ƙarfe kuza yana cin sa a hankali, kuma dalilin da ya sa ake yi wa bakin ƙarfen liƙi rufin baƙin ƙarfe ke nan. Wanda ya kankare bakin da zarto ko takardar yashi ya cire wannan kariya, kuma ba da daɗewa ba zai ga rami ya fito a tsinin.

Danshi ma ba ya yi wa azurfa daɗi, abin da ya kamata a tuna da shi saboda damina. Idan layuka biyu na azurfa suna kusa da juna, da wutar batir a tsakaninsu, ga kuma laima, azurfar takan yi ƙaura a hankali ta yi rassa kamar saiwa har ta haɗe layukan biyu. Sannan wayar jan ƙarfe mai ruwan azurfa, idan wuƙa ta ƙwarzane rufin wajen fere roba, danshi ya shiga, jan ƙarfen da ke ƙasa yakan riƙa ciwuwa yana fitar da jar tsatsa alhali daga waje wayar tana ƙyalli. Masu ƙera kumbon sama jannati suna ɗaukar wannan matsala da muhimmanci ƙwarai. Shi ya sa wayar sola ta ainihi, wadda aka yi don ta sha rana da ruwa, jan ƙarfe ce mai rufin kuza.

Kada kuma a rikita wannan liƙi da wanda masu gyaran firji da maƙeran fari ke yi da harshen wuta. Wancan ana yin sa ne a sama da digiri 450, da sandar da ke ɗauke da jan ƙarfe da fosfaras, wani lokaci da kashi 5 ko 15 na azurfa, ko kuma haɗin azurfa da jan ƙarfe wanda, a kashi 72 da 28, yake narkewa wajen digiri 780. Kalmar sinadari ma da muke amfani da ita yau a ko'ina, a bakin maƙera take da ma'anar abin da ake liƙa ƙarfe da shi. Wannan liƙi yana da ƙarfi sosai, amma zafinsa zai ƙone roba da allo, saboda haka ba na kayan lantarki masu laushi ba ne. Haka nan ruwan liƙi mai asid da masu gyaran lagireto ke amfani da shi bai dace da waya ba, domin ragowarsa yana ci gaba da cin jan ƙarfen bayan an gama aiki.

Ita kanta dalmar liƙi, mai azurfa ko marar azurfa, turjiyarta ta ninka ta jan ƙarfe sau bakwai zuwa tara. Saboda haka ka fara murɗe wayoyin biyu su rungumi juna sosai, ka ɗora bakin ƙarfen a kan wayar, wajen digiri 330 zuwa 350, ka sa dalmar a jikin wayar don zafinta ya narkar da ita ta shige tsakanin silalla, sannan ka ɗauke ƙarfen kada ka motsa wurin har ya huce. Ka sani ƙarafan nan biyu duka suna janye zafi da sauri, azurfa ma ta ɗan fi, don haka waya mai kauri tana buƙatar ƙarfen liƙi mai faɗin baki da ƙarfin wuta. A manyan wayoyin batir da inbata kuwa na fi son a sa kan waya na jan ƙarfe a matse shi da abin matsewa na gaske. Kuma kada a shafa wa bakin waya dalma sannan a ɗaure shi da noti, domin dalma tana lotsawa a hankali ƙarƙashin matsi, wurin ya saki, ya fara zafi.

Na bar maganar farar wayar da aka nuna maka zuwa yanzu saboda ita ta fi damuna. Waya fara mai ƙyalli a shagon kayan wuta, mafi rinjayen zato ita ce jan ƙarfe mai rufin kuza, wadda waya ce mai kyau kuma tana karɓar liƙi fiye da kowacce, amma ba ta cancanci kuɗin azurfa ba. Mai yiwuwa kuma alminiyam ce. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne alminiyam da aka yi wa siririn rufin jan ƙarfe, wanda ido ba ya bambanta shi da na gaske. Na taɓa buɗe wata inbata da bakin wayar batirinta ya ƙone ƙurmus, na kankare silin sai ga fari a ciki, mai gidan kuwa kuɗin jan ƙarfe ya biya. A lissafinmu na ɗazu, irin wannan waya mai kaurin 2.5 za ta zubar da fiye da bolt 2, ga saurin karyewa, ga shi da rufin ya ƙone dalma ba ta kama alminiyam da man ƙaro.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ka yi shi a gaban mai shagon kafin ka biya. Ka yanki ɗan guntu ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan fari ne a waje ja a ciki, jan ƙarfe ne mai rufi, idan kuma ja ne a waje fari a ciki, galibi alminiyam ne. Ka kara silin a harshen ashana ko laita, za ka ga jan ƙarfe ya yi ja ya tsaya da ƙarfinsa, alminiyam kuwa zai lanƙwashe ya zube, domin a digiri 660 yake narkewa. Ka ɗaga naɗin ka ji nauyinsa, tunda jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, azurfa kuma ta fi jan ƙarfen ma nauyi, saboda haka farar waya marar nauyi ba za ta taɓa zama azurfa ba. Idan kana da mita mai kyau, ka auna naɗi guda mai mita 100 na kaurin 2.5 daga baki zuwa baki. Jan ƙarfe na gaske zai nuna wajen om 0.7, kuma idan ka ga ya haura om ɗaya, to, ko dai alminiyam ne a ciki, ko kuma kaurin wayar bai kai abin da aka rubuta a jikin robar ba.